Mopar tururi, mopar bokiti ko kyallen maikurofaiba: wanne ya dace da daɓen gidanka?

Ranar da na fara jona mopar tururi a soket, daɓen da na gwada ta a kai na tayil ne, kuma da safiyar ranar ma an goge shi da ruwan sabulu. Ban kai ƙarshen falon ba na ɗaga kanta na leƙa. Farin kyallen da ke ƙasa ya koma ruwan toka, bakinsa na gaba kuwa baƙi ƙirin. Na ce ashe duk shekarun nan dauɗa muke ta shafawa muna kiranta tsafta. Bayan mako guda sai wani tunani ya faɗo mini. Na ɗauko ɗaya kyallen, na jiƙa shi da ruwan famfo mai sanyi, na matse sosai, na manna shi a kan na'urar ba tare da na kunna ta ba, na bi rabin falon da shi. Shi ma ya fito da dauɗa. Bai kai na farko ba, amma tazarar ba wata mai yawa ba ce. Tun daga ranar na daina ba tururi dukkan yabon, domin kaso mai tsoka na aikin kyallen ne ke yin sa.

Wannan ɗan gwajin shi ya sa idan aka tambaye ni ko a sayi mopar tururi, ba na kwatanta ta da tsohuwar mopar bokiti kaɗai. 'Yan takarar uku ne. Akwai mopa mai igiyoyin auduga da bokitinta, wadda kowa ya sani, har da 'yar'uwarta ta zamani mai bokitin da ake takawa ya juya ya matse ruwa. Akwai mopa mai faffaɗan kai da ake manna wa kyallen maikurofaiba, wato na siraran zaren roba, wasunsu da 'yar gora a jikin sanda da ke fesa ruwa idan ka matsa mariƙi. Sai kuma mopar tururi.

Ita mopar tururi ba wani abin mamaki ba ne a cikinta. Ɗan tanki ne mai ɗaukar ruwa tsakanin mililita 300 zuwa 500, da abin dafa ruwa irin na dutsen guga, mai jan wuta daga wat 1,000 zuwa 1,600 gwargwadon samfuri. Cikin daƙiƙa 15 zuwa 30 ruwan ya tafasa, tururin ya bi ta ƙasan kanta ya ratsa kyallen ya taɓa daɓe. Tanki ɗaya kan kai mutum minti 15 zuwa 25. Ana jingina yaɗuwarta da wata 'yar Koriya ta Kudu, Romi Haan, wadda ta kafa kamfaninta a ƙarshen shekarun 1990. Ba abin mamaki ba ne a ce daga can ta fito, ƙasar da ake cire takalmi a ƙofa, ake zama a ƙasa, ake kwana a kan daɓen da ake ɗumamawa ta ƙarƙashi. Daga baya kamfanoni irin su Bissell da Shark da Vileda da Kärcher suka cika kasuwa da nasu.

Daɓen ne ke fara yanke hukunci

Kafin a zo maganar muhalli ko ƙwayoyin cuta, dubi abin da kake takawa. A nan ne mutane da yawa ke yin asarar da ba ta gyaruwa.

Tayil na tangaran mai sheƙi shi ne gidan mopar tururi. An gasa shi a wutar da ta haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, don haka tururi mai digiri 100 bai isa ya yi masa komai ba, kuma ba ya shan ruwa. Abin lura kawai shi ne layin simintin da ke tsakanin tayil da tayil: idan ya riga ya tsage ko ya fara zubewa, yawan tura masa tururi zai ƙarasa shi. Dutsen da aka shafe da maganin toshe ƙofofinsa, da tarazo, su ma suna jurewa, ko da yake yawan zafi kan rage kwanan wannan shafen. Mabul ma yana da wani dalili na musamman na son ruwa zalla. Asalinsa dutsen farar ƙasa ne, duk wani abu mai tsami, irin ruwan khal da wasu ke zubawa a bokiti da sunan tsafta ba sinadari, cinye sheƙinsa yake yi ya bar tabo dusu-dusu.

Katako kuwa a bar shi. Ƙungiyar masu sana'ar daɓen katako ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin kada a yi amfani da tururi a kansa, ko da kuwa kwalin na'urar ya ce ta dace da katakon da aka shafe. Dalilin a fili yake. Ruwa idan ya zama tururi yana kumbura ya ninka girmansa kusan sau 1,700, yana kutsawa duk wata kafar da ɗigon ruwa ba zai shiga ba. Yana shiga tsakanin allo da allo ya huce ya koma ruwa, a wurin da kyalle ba zai kai ya tsane shi ba. Katakon ya sha, ya kumbura, ya bushe, ya sake sha, har gefunansa su ɗago ko fentin ya yi fari-fari.

Laminet ya fi katako rauni a wannan fanni. Samansa hoto ne da aka rufe da roba mai tauri, cikinsa kuwa garin katako ne da aka danne da gam. Na ga yadda abin ke ƙarewa a ɗakin wata 'yar'uwata. Wata uku tana bin laminet ɗinta da tururi duk mako, tana murna da sheƙi. Wata rana ina tafiya ba takalmi na ji wani abu na kartar tafin ƙafata a bakin ƙofa. Na durƙusa na shafa, sai ga mahaɗar alluna huɗu ta ɗago kamar leɓe, idan ka danna da yatsa ka ji ta yi laushi kamar jiƙaƙƙen kwali. Ba ya komawa. Sai da aka ɓamɓare wajen aka sa sabo, kuma launin bai zo ɗaya da sauran ba. Masu yin laminet da yawa suna rubutawa ƙarara cewa amfani da tururi yana soke garanti, sai dai wa ke karanta takardar daɓe?

Ledar ɗaki da tayil na roba da aka liƙa da gam su ma haka: zafi yana sassauta gam ɗin, ledar ta yi ƙulu-ƙulu ko bakinta ya naɗe. Daɓen da aka goga wa kakin sheƙi, tururi narkar da kakin yake yi. Siminti mai fenti yana iya ɓarewa. Simintin da ba a shafa masa komai ba kuwa ba zai lalace ba, amma kaushinsa zai cinye kyallen cikin 'yan kwanaki.

Saboda haka idan mafi yawan gidanka katako ne ko laminet ko leda, magana ta ƙare tun a nan. Mopa mai faffaɗan kai da kyallen da aka matse har ya kusa bushewa ita ce taka. Ita ma mopar bokiti ba ta dace da waɗannan ba, don ruwan da take kwararawa ɓarnarsa ɗaya da ta tururi.

Wace ce ta fi fitar da dauɗa?

Matsalar mopar bokiti tsohuwa ce kuma kowa ya san ta, kawai mun saba ne. Tsomawar farko ce kaɗai ke da tsafta. Daga ta biyu, dauɗar da ka kwaso ka mayar cikin ruwan, ka sake ɗebo ta ka shimfiɗa a wani wajen. Zuwa ɗaki na uku ruwan ya zama kamar na kwata. Ga sabulun da ke bushewa a kan tayil ya bar danƙon da ke kama ƙura, shi ya sa wani daɓen da an goge shi da safe, da yamma ƙafa ta fara mannewa. Masu goge-goge na sana'a suna magance wannan da bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraya, kuma dabarar tana aiki. Inda mopar bokiti ba ta da na biyu shi ne babban aiki: ruwa ya malale, an shigo da laka bayan ruwan sama, baranda ko gareji mai faɗi. Auduga tana shan ruwa da yawa, sauran biyun ba su da wannan cikin.

Maikurofaiba zare ne na roba, galibi haɗin poliyesta da nailan, wanda aka tsattsaga har ya fi gashin mutum siranta nesa ba kusa ba. Waɗannan tsage-tsagen ne ke ƙwaƙulo ƙura da maiƙo su riƙe, maimakon su tura su gaba. Ba a mayar da kyallen cikin bokiti. Idan ya cika a cire a sa wani, shi ke nan dauɗar ɗaki ɗaya ba ta bin ka zuwa wani. A shekarar 2002 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da bayani kan gwajin da aka yi a asibitin jami'ar Kalifoniya ta Debis, wanda ke birnin Sakramento, inda sauyawa daga mopar igiya zuwa ta maikurofaiba ya rage ruwa da sinadarin da ake kashewa da kusan kashi 95 cikin 100. Babu tururi a wannan lissafin ko kaɗan.

To me tururin ya ƙara? Zafi. Maiƙon da ya daskare a gaban murhu, abin da ya zube ya bushe ya kama daɓe, danƙon tsohon sabulu, duk waɗannan zafi yana narkar da su kyallen ya kwashe ba tare da ka durƙusa kana kankara ba. Wannan fa'ida ce ta gaske, kuma a ɗakin girki da banɗaki ake ganinta. Daɓen kuma yana bushewa cikin minti ɗaya ko biyu, ba sai an tsare yara a kan kujera ana jira ba. A ɗakin kwana da falo, inda ƙura ce kawai da sawun ƙafa, da ƙyar za ka bambance aikinta da na kyalle mai sanyi.

Abu biyu da mopar tururi ba ta yi, ko da talla ta nuna kamar tana yi. Ba ta shara. Idan ba ka share ko ka zuƙe ƙurar da farko ba, gashi da yashi za su jiƙe su zama taɓo, ka yi ta jan su daga lungu zuwa lungu. Sannan ba ta faranta layin tsakanin tayil da ya yi shekaru da baƙi, domin kyallen ta sama yake wucewa, layin kuwa a lotse yake. Mai son wannan aikin sai ya nemi ɗaya nau'in, mai tukunya da mesa da ɗan buroshi a baki, wanda ke tara tururi da matsin da ya kai ninki uku ko huɗu na iskar da muke shaƙa. Wannan wata na'ura ce daban, ta fi nauyi, ta fi jinkirin zafi.

Batun kashi 99.9

Kusan kowane kwalin mopar tururi yana ɗauke da wannan adadi, wai tana kashe kashi 99.9 cikin 100 na ƙwayoyin cuta, kuma shi ke sa iyaye masu jarirai zaro kuɗi. Ba ƙarya ba ne, sai dai akwai sharaɗin da aka rubuta da ƙananan haruffa. Zafi yana kashe ƙwayoyin cuta ne idan ya kai wani mataki kuma ya daɗe a wajen. Tururin yana barin na'urar a kusan digiri 100, amma yana haɗuwa da tayil mai sanyi sai zafin ya faɗi nan take. Shi ya sa littafin da ke zuwa da wasu samfuran ke cewa a tsayar da kan mopar a wuri ɗaya na kimanin daƙiƙa 15 idan ana son kashe ƙwayoyin cuta. Yi lissafi da kanka. Kan mopar bai wuce faɗin santimita 30 ba. Idan za ka tsaya daƙiƙa 15 a kowane taku, ɗaki mai murabba'in mita 20 zai ci maka fiye da awa ɗaya da tanki da dama. Babu mai yin haka. Yadda muke goge ɗaki, gaba da baya da sauri, wankewa muke yi da ruwan zafi. Hakan ma yana rage ƙwayoyin cuta ƙwarai, amma ta hanyar kwashe su a kyalle, kamar dai yadda kyalle mai sanyi ke yi.

Akwai kuma waɗanda tafasa ma ba ta kashe su. Wasu bakteriya suna shiga wani ƙoƙo mai tauri su yi lamo, shi ya sa asibiti ke dafa kayan tiyata a tukunyar matsi a digiri 121 na minti 15 ko fiye. Mopar tururi ba ta kusa da nan. Idan akwai mai amai da gudawa a gida, ko jini ya zuba, kada ka dogara da ita. A kwashe, a wanke da sabulu, sannan a bi da bilic da aka sirka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin kashi 0.1 cikin 100 na kulorin don goge wurare, da kashi 0.5 idan jini ne ko wani ruwan jiki mai yawa. Wannan aikin bokiti ne da safar hannu.

A sauran ranaku kuwa, gaskiyar da masu sayar da maganin ƙwayoyin cuta ba sa so a faɗa ita ce daɓen gida mai lafiya ba ya bukatar a kashe duk abin da ke kansa. Tsafta yake bukata.

Lissafin muhalli

A nan ne aka fi cika baki, don haka a nan zan fi daɗewa.

Ta fuskar sinadarai, mopar tururi ta ci. Ruwa kawai ake zuba mata, babu gorar roba da za a yar duk wata, babu kumfar da za ta bi magudana, babu ƙamshin da zai cika ɗaki. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Turaren lemo da na itacen fir da ake sa wa ruwan goge daɓe suna haɗuwa da iskar ozon a cikin ɗaki su haifar da wasu abubuwa masu harzuƙa huhu, ciki har da fomaldehaid. Masu asma sun san yadda ƙirjinsu ke yi bayan an goge gida da irin waɗannan. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu sinadarin fenol guba ne ga kyanwa, wadda ke taka daɓen ta koma tana lasar ƙafarta. Ga haɗarin garwaye: bilic da ruwan khal ko wani mai tsami yana fitar da iskar kulorin, bilic da amoniya yana fitar da kuloramin, dukkansu suna iya kai mutum asibiti. Gidan da jariri ke rarrafe yana kai hannu baki, rashin duk wannan kwanciyar hankali ne. Sai dai a tuna, kyallen maikurofaiba ma ruwa zalla yake bukata a yawancin ranaku, ko ɗigo biyu na sabulun ruwa idan akwai maiƙo. Wanda tururi ya kayar a nan bokiti ne kawai.

Ta fuskar ruwa ma haka. Bokiti yana cin lita 8 zuwa 10, idan ka canza sau ɗaya ya zama kusan 20. Mopar tururi ba ta kai lita ɗaya ba a gida matsakaici. Mai fesawa ma kusan haka. A ƙara ruwan wanke kyallayen a kan su biyun, har yanzu bokiti ne a baya.

Wutar lantarki ce inda labarin ke juyawa. Na'ura mai wat 1,500 idan ta yi minti 20 ta ci rabin kilowat-awa, wato rabin yunit a mita. Sau biyu a mako, a shekara ya kama yunit 52. Ba wani tashin hankali ba ne, firji yana cin ninkin wannan sau da yawa. Amma ba sifili ba ne, kuma dalilin cin wutar yana da ban sha'awa: kai lita ɗaya ta ruwa daga digiri 20 zuwa tafasa yana cin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na yunit, mayar da ita tururi bayan ta tafasa kuwa yana cin kusan kashi shida cikin goma. Yawancin wutar a wajen mayarwa tururi take tafiya. Abin da ya ba ni mamaki da na zauna na yi lissafin shi ne, wanda ke dafa ruwan bokiti kafin ya goge ɗaki bai tsira ba. Ɗumama lita 10 daga digiri 20 zuwa 50 yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na yunit, bai yi nisa da abin da tanki ɗaya na mopar tururi ke ci ba. Idan da ruwan zafi ka saba, tururi bai ƙara maka komai ba. Idan da ruwan sanyi ne, ka ɗauko sabon nauyi. Wanda gidansa ke kan sola da inbata kuma ya duba ƙarfin inbatar tukuna, don wat 1,500 a lokaci guda kamar kunna dutsen guga ne.

Sai abin da ba a cika faɗa ba, wato ita na'urar kanta. Roba ce da ƙarfe da wayar tagulla da famfo da abin dafa ruwa, an haƙo, an narka, an ƙera, an yi dakonta a jirgin ruwa. Masu arahar cikinsu a rufe suke, idan famfon ya mutu ko abin dafa ruwan ya toshe ba a samun kayan gyara, sai bola. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a shekarar 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa. Mopar tururin da ta mutu a shekara biyu, duk gorunan sabulun da ta hana saya ba su biya bashinta ba. Wadda ta kai shekara takwas tana aiki, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Sandar mopa mai faffaɗan kai kuwa ba ta da abin mutuwa, in ban da 'yar gorar fesawa da kan toshe.

Shi ma maikurofaiba ba waliyyi ba ne. Roba ne, duk wanki yana zubar da ƙananan zaruruwan da ke bin ruwa har kogi da teku, ba sa ruɓewa. Wannan laifin mopar tururi da mai faffaɗan kai sun yi tarayya a kansa, tunda kyallensu ɗaya. Auduga tana ruɓewa, ko da yake nomanta yana shan ruwa sosai. Mafi muni a duk jerin shi ne kyallen yi-ka-yar, irin wanda samfurin Swiffer ya yaɗa tun 1999, wanda ake amfani da shi sau ɗaya a jefar. Idan mai fesawa za ka saya, nemi wadda kyallenta ke wankuwa kuma gorarta ke buɗuwa ka zuba abin da kake so.

Idan aka tara duka, a ganina mafi sauƙin nauyi ga muhalli ita ce mopa mai faffaɗan kai da ruwan sanyi. Mopar tururi ta biyu, da sharaɗin ta daɗe. Bokiti mai cike da sinadari da ruwan zafi shi ne na ƙarshe, amma bokitin ruwan sanyi da ɗan sabulu kaɗan bai yi nisa da ta biyun ba.

Ƙananan abubuwan da sai an zauna da mopar tururi ake sani

Waya. Tsawonta mita 5 zuwa 8, kullum tana bayanka ko ƙarƙashin ƙafarka, kuma kowane ɗaki sai ka nemi soket. Nauyi: kilo biyu zuwa uku, ga kyallen da ke kama tayil idan ya jiƙe, mai ciwon kafaɗa zai ji a jikinsa, ko da yake bai kai ɗaukar bokitin lita 10 ba. Ƙuna: tururi ya fi tafasasshen ruwa ƙona fata, saboda wancan zafin da ya haɗiye wajen zama tururi yana sauke shi ne gaba ɗaya a jikinka. Kada a yi aiki da ita ba takalmi, kada a cire kyallen sai ya huce, kada a bar ta tsaye a kunne a wuri ɗaya, tana barin farin tabo. Yara da dabbobi su yi nesa.

Babban makashinta shi ne ruwa mai gishirin ƙasa. Idan butar dafa ruwanka tana yin farin ɓawo a ciki, haka cikin mopar zai yi, kuma ƙofofinta sun fi na buta ƙanƙanta. Tururin zai fara raguwa, ya koma tofi, ya ɗauke. Maganin shi ne tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba asid ɗin ba, ruwan zalla. A gora ake sayar da shi, ka ga gorar robar da muka kora ta ƙofa ta dawo ta taga. Wasu samfuran suna da matata a cikin tanki da ake canzawa bayan 'yan watanni. Kuma kada a zuba turare ko sabulu ko bilic a tankin. Na farko da na biyu suna toshe ta, na ukun kuwa tururinsa huhunka zai shiga.

Wanda zan ce ya saya shi ne mai gidan da yawancinsa tayil ne, ana girki mai maiƙo kullum, akwai mai rarrafe ko mai asma ko dabba, wutarsa tana ɗauka, kuma ruwansa ba mai ɓawo ba ne ko ya yarda zai riƙa neman tatacce. Shi ma ya zaɓi wadda ake iya rage ƙarfin tururinta, wadda tankinta ke cirewa, wadda kamfaninta ke sayar da kyalle da matata daban. Mai katako ko laminet ko leda, da mai ƙaramin gida, da wanda burinsa kawai ya rage sinadari da shara, mai faffaɗan kai ta ishe shi. Mai fili babba da laka da ruwa ya riƙe bokitinsa, ya ƙara na biyu, ya rage sabulun zuwa rabin abin da ya saba zubawa, ya riƙa shanya kan mopar a rana maimakon barin ta a jiƙe cikin bokiti tana tsami.

Ni dai yanzu tawa ta tururin sau ɗaya take fitowa a mako, ɗakin girki da banɗaki kawai. Sauran ranaku sanda ce da kyalle. Kyallayen guda shida na tanada, ɗaya ga kowane ɗaki, na banɗaki launinsa daban don kada a haɗa. Ina tara su in wanke su su kaɗai a ruwa mai digiri 60, ba tare da tawul ko wani kayan auduga ba don suna kwashe gashinsa, ba bilic, ba kuma ruwan laushin tufafi, wanda ke liƙe tsage-tsagen zaren har kyallen ya koma yana tura ruwa maimakon ya sha. Idan na ɗiga ruwa a kan busasshen kyalle na ga ɗigon ya tsaya yana ƙyalli bai nutse ba, na san wannan ya gama aiki a daɓe, sai in mayar da shi na goge takalmi.